Ginin Tankin Masai da Sokawe a Gidan Karkara: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da magidanta suka fi yi idan sun tashi haɗa banɗaki na zamani a gidan ƙauye, inda babu magudanar najasa ta gwamnati, kuma rijiyar da ake sha tana cikin gida ko bayan katanga. Awon da ke nan na ƙaramin gida ne mai mutum shida zuwa goma. Mun yi shi da ƙafa da inci, don da su magini ke aiki.

Wai tankin masai da sokawe ba abu ɗaya ba ne?

A bakin mutane duka sokawe ne, amma a aiki abu biyu ne masu halin da ya saɓa wa juna. Tanki akwati ne na siminti da bai kamata ya yi yoyon ko ɗigo ɗaya ba. Sokawe kuwa rami ne da aka gina musamman domin ya yi yoyo.

Idan aka kora ruwa a banɗaki, tanki yake fara shiga ya tsaya kwana ɗaya ko biyu. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso su yi ɓawo a sama, a tsakiya kuma a sami ruwa mai duhu wanda ba guda a cikinsa. Ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar iska su yi ta cin lakar suna rage ta. Ruwan tsakiyar nan ne kaɗai ke wucewa sokawe, ƙasa ta tsotse shi a hankali, ta tace shi. Kada launinsa ya ruɗe ka, har yanzu ɗauke yake da ƙwayoyin kwalara da taifot da ciwon hanta. Tanki rabewa kawai yake yi, ƙasa ce ke tsarkakewa.

Abin da ake yawan yi a garuruwanmu shi ne a haƙa ƙaton rami guda, a jera bulo, a bar ƙasansa a buɗe, a rufe da dakin, wato rufin kankare. Wannan salga ce mai murfin kankare. Kashi da ruwa suna zuba wuri guda, laka ta liƙe jikin ramin kamar an shafe shi, daga nan ya daina shan ruwa.

Gidana babu famfo, da jarka muke ɗebo ruwa. Ya dace in yi?

A gaskiya bai dace ba. Kwanon zama mai tanki a baya yana cin lita 6 zuwa 9 a kowace kora. Mutum takwas za su iya tashi da jarka goma ko fiye a yini a banɗaki kaɗai. Ranar da ruwa ya yi wuya za a koma kora da buta ɗaya, kashi ya tsaya a bututu ya bushe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A irin wannan gida, masai mai rami biyu da ake korawa da lita ɗaya zuwa uku ya fi: a yi amfani da rami ɗaya, in ya cika a juya zuwa na biyun, a bar na farkon a rufe shekara biyu kafin a kwashe. Kwanon roba mai marfi irin na SATO, da ake samu a kasuwannin Najeriya, yana toshe wari da ƙuda da ɗan ruwa kaɗan. Tankin masai na mai rijiyar burtsatse ne, ko mai injin da ke hawar da ruwa tankin sama.

A ina ya kamata a haƙa?

Fara da rijiya, taka da ta maƙwabci. Tsakanin sokawe da kowace rijiya ko burtsatse a bar ƙafa 100, wato mita 30, kuma sokawen ya kasance ta inda ƙasa ta gangara, kada ya zama shi ne a sama rijiya a ƙasa. Inda ƙasa tsakuwa ce zalla, ko dutse mai tsagu, ko marmara mai ramuka, a ƙara nisa, domin ruwa na bin tsaga ya yi tafiya mai tsawo ba tare da ya tacu ba. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2021 an ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Najasa ce ke shiga ruwan sha.

Tanki ya yi nesa da harsashin ɗaki da kamar ƙafa 10, sokawe kuma ƙafa 15 zuwa 20. In ginin ƙasa ne ma a ƙara, don danshi ke cin gindin katanga. A guji gindin darbejiya da mangwaro da cediya, saiwarsu na bin danshi har ta fasa bulo. Kada a sa shi a hanyar mota ko amalanken shanu, kada a kwari inda ruwan sama ke taruwa. Sannan a tuna da ranar kwasa: motar zuƙe masai tana buƙatar ta matso, tiyonta ba ya kaiwa ko'ina, shi ya sa jikin katangar da ke kallon hanya ya fi tsakar gida.

In fili ya yi ƙanƙanta har nisan rijiya bai samu ba, a je wurin duba-gari na ƙaramar hukuma tun kafin a sa diga, ya duba wurin. Ya fi a gama gini maƙwabci ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Ta yaya zan san ƙasar gidana za ta sha ruwa?

Da gwaji biyu, kuma babu wanda ke cin kuɗi.

Na farko, ka san inda ruwan ƙasa yake tsayawa a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ba a bazara ba. Leƙa rijiyoyin unguwa bayan malka, ko ka tambayi masu haƙar rijiya na garin, sun san a gaba nawa ake cim ma ruwa. Gindin sokawe ya kamata ya kasance aƙalla ƙafa 5 sama da wannan wurin. Idan ana haƙa aka ga ƙasa ta koma toka-toka da ɗigon ja kamar tsatsa, alama ce ruwa na kwanciya a nan kowace damina, ko da yanzu a bushe take ƙamas.

Na biyu, a haƙa har zurfin da bututu zai zauna, a gindinsa a yanka ƙaramin rami ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya zurfi. A cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, domin busasshiyar ƙasa ƙarya take yi, kowace iri za ta shanye ruwan farko. Da safe a kafa sanda mai alama a inci 9 da inci 3 daga ƙasa, a sake cikawa, a duba agogo daga lokacin da ruwa ya taɓa alamar sama zuwa ta ƙasa. A maimaita sau uku, a ramuka biyu. In ya ɗauki tsakanin minti 40 da awa 4, ƙasar ta yi. In ya haura awa 4, taɓo ne, ramin sokawe guda ba zai wadatar ba. In kuma ya zurare cikin 'yan mintoci, kamar yadda yake yi a jigawa, to shan ruwa ba matsala, tacewa ce ta yi rauni, sai a ƙara nisa da rijiya.

Wane girma zan yi?

Lissafin kashi biyu ne: wurin ruwan kwana biyu, da wurin lakar da za ta taru kafin a kwashe. A ɗauki gida mai mutum takwas wanda ruwan masai da na wanka duka ke shiga tanki, kowa na zubar da kamar lita 80 a yini. Lita 640 ke nan, kwana biyu 1,280. Laka kuwa ana ƙiyasta lita 40 ga kowane mutum a shekara, mutum takwas a shekara uku 960. An sami 2,240. A ƙara don baƙi, da suna, da biki, da iyali da ke ƙaruwa, sai a tsaya a lita 3,000.

A ƙafa, wannan shi ne faɗi 3, tsawo 9, zurfin ruwa 4, duka awon ciki. A ƙara ƙafa ɗaya a sama wadda ruwa ba ya kaiwa, wurin ɓawo da iska, bango ya zama ƙafa 5. Tsawon a raba shi biyu: ɗakin farko ƙafa 6, na biyu ƙafa 3, ban da kaurin bangon tsakiya na inci 6. Siffar tana da dalili. Dogon tanki siriri yana sa ruwa ya yi tafiya kafin ya fita, guda ya sami lokacin nutsewa. Mai murabba'i ko zagaye, ruwa na shiga ta nan ya fita ta can da dattinsa.

Masu cewa a haƙa ƙafa 15 ko 20 don kada ya cika har abada suna kashe kuɗi ne a inda ba a buƙata. Tanki mai aiki kullum a cike yake har bakin bututun fita, haka aka yi shi. Zurfi mai yawa kusantar ruwan rijiya ne kawai, da haɗarin ruftawa a kan lebura.

Bulo, kankare ko na roba?

A karkara bulo mai inci 9 da aka cika ramukansa da kankare shi ya fi sauƙin samu da gyara. Sharaɗi dai bulon ya zama mai ƙarfi. Wanda aka buga hamsin a buhu, kana murza shi da yatsa yana zuba, ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa. Zuban kankare gaba ɗaya ya fi ƙarko, shi ake so a ƙasar firgi mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta yankin Tafkin Cadi, sai dai yana cin katako da rodi.

Na roba da aka ƙera don binnewa yana da kauri da haƙarƙari a jiki, ana kafa shi a yini ɗaya. Illarsa rashin nauyi: tankin lita 3,000 da ba kowa a ciki, in ruwan ƙasa ya kewaye shi, ƙarfin da ke tura shi sama ya kai tan uku, sai ya ɓullo ya karya bututu. Tankin ruwan sha na roba da ake ɗorawa a sama kuwa ba a binne shi, ƙasa za ta matse shi ya lotse.

Me zan saya, kuma nawa?

Ga tankin da muka auna a sama, kimanin bulo 140 mai inci 9, da 14 mai inci 6 na bangon tsakiya. Siminti buhu 22 zuwa 25: shida na daɓen ƙasa, huɗu na jera bulo, shida na cika ramukan bulo, huɗu na fulasta, huɗu na dakin. Rodi mai milimita 12 guda shida da wayar ɗauri. Yashi mai kaifi na kankare, mai laushi na fulasta, tsakuwa wankakkiya. Bututun roba mai inci 4 mai kauri gwargwadon nisa, mahaɗi mai baki uku da filamba ke kira ti guda biyu, gam, da garin hana yoyo da ake haɗawa da siminti. Sokawe lissafinsa daban. In magini ya ce buhu goma sun isa duka, tambaye shi wanne daga cikin waɗannan zai tsallake.

Yaya aikin ke tafiya daga haƙa zuwa rufewa?

A yi shi da rani. Kafin a haƙa, a fara sanin zurfin da bututu zai iso daga banɗaki, shi ke nuna inda tanki zai zauna. Rami ya zama kamar ƙafa 13 tsawo, 6 da rabi faɗi, don magini ya sami wurin juyawa, zurfi ƙafa 6 zuwa 7. A rairayi a kwantar da gefen ramin, a kuma tara ƙasar da aka fitar nesa da baki.

A daddaɓe gindin, a daidaita shi, a zuba kankare inci 6: buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Bayan kwana biyu a fara jera bulo, ana cika ramukansa layi biyu-biyu ana soka rodi don kankare ya zauna. Bangon tsakiya a saƙa shi cikin na gefe, kada a jingina shi kawai. A bar masa kafa kamar inci 6 a tsayin ƙafa biyu da rabi daga daɓe, inda ruwa ya fi tsabta. In aka bar kafar a ƙasa, laka ce za ta bi, amfanin ɗaki biyu ya tafi. Kansa kuma ya tsaya inci kaɗan ƙasa da dakin don iska ta ratsa.

Fulasta ta ciki shafi biyu, siminti ɗaya yashi uku, da garin hana yoyo, a goge ta sumul. Inda bango ya haɗu da daɓe a cika kusurwar a lanƙwasa, nan ne yoyo ya fi farawa, sai kuma kewayen bututu. Roba ba ta kama siminti, don haka a shafa gam a jikin bututun a barbaɗa yashi ya bushe kafin a gina shi ciki.

Dakin inci 5, rodi tsakaninsu inci 6, a ɗaga su inci ɗaya da rabi zuwa biyu daga katako. Iskar da ke cikin tanki tana zama asid a jikin siminti mai laima, ta ci shi a hankali, in rodi na kusa da fuska sai ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dakin daga ƙasa, ba wanda ya gani sai ranar da ya rufta. A bar ƙofa biyu, kowace ƙafa biyu da biyu, ɗaya a kan bututun shiga, ɗaya a kan na fita, da murfi mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. A yi ta ba kankare ruwa kwana bakwai, a bar katako mako biyu zuwa uku, kuma a fitar da shi duka.

Kafin a mayar da ƙasa a gwada. A cika tanki har bakin bututun fita, a bar shi yini da kwana fulasta ta sha, a ƙara, a yi alama, a sake jira awa 24. In ya sauka fiye da rabin inci akwai yoyo, a nemo shi yanzu. Sai a cike gefe ƙafa ɗaya-ɗaya ana daddaɓewa, ruwan na ciki. Murafu su tsaya a sama da ƙasa kaɗan. Yawancin mutane binne su suke yi su daɓe, ranar kwasa a kama fasa tsakar gida ana nema.

Bututu fa, wane gangare za a ba shi?

Kwatan inci a kowace ƙafa, wato inci ɗaya a ƙafa huɗu. In bai kai ba ruwa zai kwanta, kashi ya tsaya. A auna da tiyo mai ruwa ko ma'aunin magini, ido ba ya ganin kwatan inci. A shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsa don kada ya lotsa a tsakiya. Duk inda zai karya kwana a gina camba, wato ƙaramin akwatin siminti na dubawa, mai murfi, a kuma guji gwiwa mai kaifi.

A cikin tanki, bututun shiga ya fi na fita tsayi da inci 3. Idan aka juya wannan, ko aka daidaita su, ruwa zai riƙa komawa banɗaki. Kowanne a sa masa ti: na shiga ya nutse ƙafa ɗaya cikin ruwa don kada zubowa ta dama laka, na fita ya nutse inci 18 don ya ɗebi ruwan tsakiya ya bar ɓawo. Bakunansu na sama a bar su a buɗe. Wannan ti na fita kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba, amma rashinsa ne ya fi kashe sokawe, domin maiƙo na wucewa kai tsaye ya toshe ƙasa.

Shi sokawen yaya ake gina shi?

Jikin ramin ne ke shan ruwa, gindinsa na saurin liƙewa, don haka da bango ake lissafi, daga bakin bututu zuwa ƙasa. Murabba'in mita ɗaya na bango yana shan kamar lita 50 a yini a rairayi, 30 a ƙasa mai yashi-yashi, 20 a mai ɗan danƙo, 10 a taɓo. Rami mai faɗin ƙafa 5 kewayensa kamar mita 4.8 ne. Gidan da ke fitar da lita 640 a rairayi zai buƙaci zurfin kamar ƙafa 9 ƙasa da bututu. A ƙasa mai shan lita 30 zurfin zai kai ƙafa 15, to gara a yi ramuka biyu na ƙafa 7 da rabi, tsakaninsu kamar ƙafa 15, da camba mai raba musu ruwa.

A jera bulo zagaye, ana barin tazarar inci biyu tsakanin kowane biyu ba siminti. Tsakanin bulo da ƙasa a cika tsakuwa mai girma inci 6. Ba a yi masa daɓe, ba a yi masa fulasta. Layi biyu ko uku na sama ne kawai ake toshewa sosai don ruwan sama da ƙasa kada su shiga. Wanda bai da kuɗin bulo zai iya cika ramin da manyan duwatsu, sai dai ba ya kwasuwa in ya toshe.

Garinmu fadama ne, da damina gaba biyu ake samun ruwa. Yaya za mu yi?

Rami mai zurfi ba naku ba ne. Haka abin yake a wurare da yawa na kwarin Haɗeja da bakin gulbin Sakkwato da Rima. A maimakonsa a yi lambatu marar zurfi: faɗi ƙafa biyu, tsakuwa ƙafa ɗaya zuwa biyu a ƙasa, bututu mai huji a kai da ɗan gangare kaɗan ƙwarai, a sake rufe shi da tsakuwa, a shimfiɗa buhunan roba masu saƙa don ƙasa kada ta cike tsakuwar, sannan ƙasa ƙafa ɗaya. Mai tsakuwa ƙafa biyu, kowace mita ta tsawonsa na ba da murabba'in mita 1.2 na bango. Lita 320, wato rabin 640 ɗin nan idan an ware ruwan wanka daban, a ƙasa mai shan 20 na buƙatar mita 13 ke nan, a taɓo kuwa 27. A raba shi layi biyu ko uku, tsakaninsu ƙafa 6. A saman za a iya barin ciyawa, ban da bishiya, ban da kayan miya da ake ci ɗanye.

Inda ruwa ke tasowa har kusa da fuska, sai a ɗaga komai: banɗaki a kan dandamali, tanki rabi a waje, lambatun kuma a cikin tudun yashi da aka tara.

Ruwan wanka da na wanke-wanke su shiga tanki?

Idan fili ya samu, a raba. Ruwan wanka da alwala da wanki sun fi na masai yawa, ba su kuma kai shi haɗari ba, ƙaramin ramin tsakuwa nasu daban ya ishe su, sokawe ya sami sauƙin rabin kayansa. Na kicin a bi da shi ta ƙaramar camba mai ti da ke tare mai da manja, a riƙa kwashewa. Wanda ba a yarda da shi ko kusa ba shi ne ruwan indararo. Rufin ɗaki biyu a mamakon ruwa ɗaya zai iya zubo fiye da abin da gidan ke fitarwa a kwana biyu, ya dama laka ya kora ta sokawe.

An gama, amma banɗaki na wari. Daga ina?

Duba uku. Ruwan da ke tsayawa a wuyan kwanon masai shi ne ƙofar da ke tare iska, in ya bushe ko kwanon ya tsage wari zai shigo. Ramin ruwan wanka na daɓe ma yana buƙatar irin wannan wuyan. Sai bututun iska: ya tashi daga layin masai ko daga tanki, inci 3 ko 4, ya haura rufin ɗaki da kamar ƙafa biyu, nesa da taga, da raga a bakinsa saboda sauro da ƙuda. Guntun bututu mai tsayin gwiwa da ake kafawa a kan dakin hancin mutane yake hura wa. Na uku murfi, a liƙe gefensa da siminti mai rauni wanda za a iya ɓantarewa.

Ana cewa a zuba kalanzir ko baƙin mai ko gishiri don kada ya cika. Gaskiya ne?

Babu gaskiya a ciki. Baƙin mai da kalanzir suna kashe bakteriyar da ke rage laka, su liƙe ƙasar sokawe, su kuma gangara ruwan rijiya. Sabon tanki ba ya buƙatar komai sai a cika shi da ruwa kafin a fara, abin da ke shiga daga masai ya ishe shi iri. Sabulu da ɗan maganin wanke banɗaki na yau da kullum ba sa yi masa illa, jarka guda ce a lokaci ɗaya ke yi. Leda, ƙunzugun yara, audugar mata, tsumma da totuwar masara ba sa ruɓewa da wuri, a ajiye musu kwando.

Yaushe ake kwashewa?

Yawanci shekara uku zuwa biyar, amma sanda ce ke faɗa. Sau ɗaya a shekara a naɗe farin tsumma a doguwar sanda, a zura ta cikin ti na ɗakin farko har ƙasa, a bari minti uku, a zaro a hankali. Baƙin da ya kama tsumma shi ne kaurin laka. In ya kai inci 16 zuwa 18, lokaci ya yi. Wanda ya jira sai masai ya daina wucewa ya makara, laka ta riga ta shiga sokawe, kuma kwashe tanki ba zai buɗe ƙasar da ta liƙe ba.

A kwashe ɗakunan biyu, ruwa da laka da ɓawo, a bar 'yan inci a ƙasa su zama iri, a sake cika ruwa. Kada a yi a tsakiyar damina inda ruwan ƙasa ke kusa. Inda mota ba ta zuwa, a haƙa rami nesa da rijiya da rafi da kududdufi, a zuba, a rufe da ƙasa ƙafa biyu. Ba a watsa ta ɗanya a gona, ƙwan tsutsar ciki na rayuwa a cikinta watanni da yawa, har fiye da shekara.

Kada kowa ya shiga ciki. Iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa kashe hanci take yi mutum ya daina jin ta, ta fi iskar shaƙa nauyi tana kwance a ƙasa, numfashi kaɗan ya isa ya sumar da ƙato. Sau da yawa wanda ya faɗa ceto shi ma ba ya fitowa. Akwai kuma wadda ke kama wuta, don haka ba a leƙawa da ashana ko aci-balbal ko taba a baki.

Bai yi shekara ba ya cika yana tumbatsa. Me ya faru?

Ɗaga murfin da ke kan bututun fita ka duba. In ruwa ya tsaya daidai bakin bututun, tanki lafiya yake, toshewar tana tsakaninsa da banɗaki, a bi cambobi da sanda. In ruwa ya shanye bututun, a je sokawe. An same shi a bushe, to bututun da ke tsakaninsu ne ya toshe ko ya karye. An same shi a cike, sai a duba lokaci: in da damina ne kaɗai, ruwan ƙasa ne ya taso ko na sama ke shiga. In rani da damina ne, ko dai an yi masa fulasta da daɓe, ko ƙasar taɓo ce, ko babu ti a bakin fita. Kafin a kira mai haƙa, a ɗiga shuni a tankin bayan kwanon masai a bar shi minti goma ba kora. In launin ya ɓullo a cikin kwano, robar ciki ta mutu, kuma wannan siririn yoyon kaɗai na iya tura duro guda ko fiye cikin sokawe kowace rana.